Wa Zai Kama Hannun Yaro? Tarihin Rainon Samari a Ƙasar Gaya, Daga Maƙera Zuwa Makarantar Kwana

Makalar wannan makon ta tarihi ce, kuma za ta kai mu gabashin Kano, ƙasar Gaya da Ajingi.

A ranar 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe samari sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja. Bayan kwana tara aka sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. A ƙarshen wannan wata gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana guda 10 da ke nesa da birni. A cikinsu akwai Sakandaren Gwamnati ta Ajingi da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya.

Babu mai hankalin da zai ce a bar yara cikin haɗari. Amma da aka zo lissafin asara, darasi da jarrabawa aka fi lissafawa. Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Yaron da aka ce ya ɗaure akwatinsa ya koma gida ya rabu da babban da ke lura da shi, wanda ya san sunansa, ya san garinsu, ya san ranar da bai ci abinci ba. Bahaushe yana kiran irin wannan mutum ubangida, aikin da yake yi kuwa shi ne kama hannun yaro. Tarihin wannan aiki nake so mu bi, don mu ga yadda ya riƙa sauya gida, da inda ya tsaya yau.

Gaban zugazugi

Ruwayar baka da ta shahara a Kano ta ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dutsen Dala neman tama, suka zauna. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a wajen Dala tun wajen ƙarni na 7. Ke nan sana'ar da aka fi danganta Gaya da ita ta girmi sarautar Bagauda da ɗaruruwan shekaru.

Tambayar ita ce, ta yaya sana'a take rayuwa fiye da shekara dubu babu littafi, babu allo? Amsar tana gaban zugazugi. Yaro ba ya fara ƙira da masaba. Gawayi zai fara ɗaukowa, ya share rumfa, ya ɗebo ruwa. In ya ɗan tasa a zaunar da shi yana zuga. A nan zai shafe shekaru yana kallon wuta, har idonsa ya gane jan ƙarfen da ya nuna da wanda bai nuna ba. Daga nan a ba shi awartaki ya riƙe, sannan a bar shi ya gwada ƙusa ko wuƙa, kafin a kai ga fartanya da lauje da garma.

Duk tsawon wannan lokaci yana zaune kusa da babba. Yana jin yadda ake ciniki da manomi, yadda ake ba da bashi har kaka, yadda ake haƙuri da mai tsawwala. In ya yi rashin kunya a kasuwa, maƙerin ake kawo wa ƙara, domin kowa ya san yaron wane ne. Haka abin yake a wajen masaƙa da majema da mahauta da fatake. Abu biyu ne suka riƙe tsarin: doguwar zama tare, da alhakin da ke wuyan mutum ɗaya sananne.

Tsarin yana da nasa ƙunci. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ko da zuciyarsa na wani wuri. Amma da wuya ka ga saurayin da babu wanda za a tuhuma a kansa.

Kolo da gardi

Gida na biyu shi ne tsangaya. Gaya tana kan hanyar gabas, kuma tun da daɗewa almajiran ƙasar Kano suke bin wannan hanya zuwa Haɗeja da Nguru da Gashuwa da Barno neman karatun Alƙur'ani. Mutane da yawa in an ce tsangaya malam kawai suke gani. Wanda ya san ta ciki ya san tana da matakai: kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani.

Malam guda ba zai iya bin kowane yaro ba, don haka gardi ne ƙashin bayan tsangaya. Shi ke biya wa kolo allonsa, ya koya masa feƙe alƙalami da dafa tawada, ya tashe shi karatun asuba, ya raba faɗa, ya san wanda zazzaɓi ya kama. Gardi saurayi ne da ya girmi yaron da 'yan shekaru kaɗan. Bai manta kukan kewar gida ba, kuma yaron yana ganinsa ya san nan da wasu shekaru shi ma zai kai nan.

Wannan hikima ce babba. Yaro yakan ɓoye wa uba abin da zai faɗa wa yaya. Wahalar da almajirai ke sha a yau, da bara da rashin makwanci, gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa, kuma tana buƙatar makala tata. Amma dabarar ɗora na gaba a kan na baya, a tsangaya aka fi iya ta.

Zamanin Midil

Da Turawa suka zo, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A Kano kuma aka yi Makarantar Midil, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Makarantun kwana ne, ɗalibai kaɗan ne, malamai kuma suna zaune a cikin harabar. An raba yara gida-gida, kowane gida da malamin da ke kula da shi da shugaban ɗalibai. Malamin da ya koya maka lissafi da safe shi za ka gani a filin wasa da yamma, shi kuma zai zagayo da fitila da dare.

Wanda aka sa wa kwalejin kimiyya ta Gaya sunansa ɗan wannan tsari ne. An haifi Yusuf Maitama Sule a 1929. Mahaifinsa bawan gidan Madakin Kano Mahmudu ne mai yi masa hidima, kuma Madakin ne ya ɗauki yaron kamar ɗansa, ya sa shi a makarantar elementare ta Shahuci a 1937. Daga nan ya shiga Midil, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo Midil ɗin a matsayin malami. A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai, ya zama ministan ma'adinai da wutar lantarki daga 1959 zuwa 1966, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a 2017 yana Ɗanmasanin Kano. A zamanin da 'ya'yan talakawa ba su cika ganin ƙofar kwaleji ba, mutum ɗaya ne ya kama hannunsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Malam Aminu Kano ya samu Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi, ya wasa masa tunani, musamman a zamansu na Bauchi. Ƙasar Gaya ma ta fitar da nata a wannan zamani, kamar Alhaji Sule Gaya, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, daga baya ya zama Sarkin Fadan Kano.

Raunin wannan zamani a bayyane yake. Ƙofar ƙarama ce. A duk yaron da wani Madaki ya gani, akwai ɗaruruwa masu irin ƙwaƙwalwarsa da suka tsufa babu wanda ya gan su. Ubangidanci na sa'a ne, wanda rabonsa ya tsaga shi ke samu.

Gwajin 1977

Yunƙuri mafi girma da Kano ta yi na mayar da wannan sa'a ta zama tsari shi ne na 1977. An kafa Jihar Kano a 1967, amma bayan shekara goma likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar ba su taka kara sun karya ba. A zamanin mulkin Kanar Sani Bello, lokacin Dakta Ibrahim Ayagi yana cikin kwamishinoni, aka kafa hukumar makarantun kimiyya mai cin gashin kanta, aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Yadda aka tsara abin shi ne, yaro ya gama aji biyu na sakandare a duk inda yake, ya zauna jarrabawa. In ya ci, a ɗauke shi zuwa makarantar kwana da aka tanadar wa ɗakunan gwaji da malamai na musamman, da yawansu daga ƙasashen waje. Ba a tambayar ɗan wane ne. Ɗan manomi daga ƙauyen Gaya da ɗan attajiri daga Fagge gado ɗaya, kwano ɗaya. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, da wata ta samari a Kafin Hausa, waɗanda suka faɗa Jigawa da aka yanke ta a 1991. Kwalejin Gaya tana cikin wannan zuri'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda marubutan Hausa suka sani sarai, a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya bi tarihinsu daga 1977 zuwa 1987.

An fi yaba wa makarantun da kayan aiki, kuma sun cancanta. Amma ka zauna da tsofaffin ɗalibansu, 'yan ƙungiyar KASSOSA, ka ji abin da suke tunawa. Da wuya su fara da ɗakin gwaji. Sunan wani malami za ka ji, wanda ya tsare su karatun dare, ko wani siniya da ya ba su tsohon littafinsa ya nuna musu yadda ake cike takardar shiga jami'a. Yaron da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a danginsu ya zauna shekara uku cikin mutanen da suke ɗaukar zama likita abu ne mai yiwuwa. Gardi ne ya dawo cikin farin yunifom.

Nan ma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Ikon da aka ba siniya a makarantun kwana ya sha zama zalunci: duka, ƙwace, aikin bauta. Duk inda malamin gida ya yi barci ya bar yara da yara, raino yakan koma cin zali. Gardi yana da amfani ne muddin akwai malam a samansa.

Inda igiyar ta tsinke

A watan Satumbar 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Alheri ne babba, domin ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba sun samu. Bayan shekara shida wannan ambaliya ta yara ta iso ƙofar sakandare, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi. A 1986 kuma aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Ciyar da kowane ɗalibi a makarantar kwana ya gagara, sai makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita.

Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Gaya tana da mutum kimanin 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000. Mafi yawan samarin da ke sakandare a cikin wannan jama'a 'yan jeka-ka-dawo ne. Mu dubi rayuwar irin wannan yaro. Da safe yana aji mai cunkoso, gaban malamin da watakila daga wani gari yake zuwa, ana tashi zai hau babur ya tafi. Da rana yana gona ko kasuwa. Da rani abokansa sun tafi ci-rani Kano ko Legas ko Fatakwal, sun dawo da sabuwar waya. Ya bar rumfar sana'ar gidansu saboda boko, bokon kuma bai ba shi wanda zai maye gurbin maƙerin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, amma ko inda aka naɗa shi, mutum ɗaya ne a gaban ɗaruruwa.

A shekarun nan ne yaro yake yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa. Kimiyya zai yi ko fasaha? Ya zai tsallake jarrabawar kwalifayin da gwamnatin Kano ke tace ɗalibai da ita kafin ta biya musu kuɗin NECO? Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, wa zai zaunar da shi gaban kwamfuta kafin ranar? Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, tana nan kusa da Gaya, amma kusancin hanya bai isa ba in babu wanda zai ce masa, "Ƙanena, zo in nuna maka yadda ake shiga."

Kuma abin tsoron shi ne, saurayi ba ya zama babu ubangida. In na kirki bai zo ba, wani zai zo. Ɗan siyasar da ke neman 'yan jagaliya ya san sunan yaro, yana kiransa a waya, yana ba shi na kashewa. Shugaban daba yana tsaya masa in an taɓa shi. Dillalin ƙwaya yana sauraron damuwarsa. A 2018 rahoton BBC kan shan kodin, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kano, ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. An toshe kwalba, amma gurbin da ya kai yaro gare ta yana nan.

Abin da Amurkawa suka saya da kuɗi

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, inda samarin baƙar fata suka daɗe suna shan wariya da talauci da ɗauri, sai da aka kafa ƙungiyoyi musamman don haɗa yaro da babba. Tun 1904 aka fara ƙungiyar Big Brothers a birnin New York. A 1963 aka kafa 100 Black Men a wannan birni. A Fabrairun 2014 Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar da shirin My Brother's Keeper domin samarin baƙar fata da sauran tsiraru.

Wanda ya fi jan hankali shi ne shirin Becoming a Man na birnin Chicago. Sau ɗaya a mako samarin sakandare suke zama da'ira tare da wani babba da aka horar, su yi maganar fushi da gaskiya da riƙon amana, su koyi dakatawa kafin su ɗauki mataki. Masu bincike na Jami'ar Chicago sun gwada shirin, suka ga kamun da ake yi wa mahalarta kan laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari a lokacin da suke ciki, kammala sakandare kuma ya ƙaru. Amma sun lura da wani abu: bayan an gama shirin, raguwar kamun ta dusashe.

Maƙerin Gaya ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san ƙarfe yana ɗaukar siffa ne muddin yana kusa da wuta. Taron bita na kwana ɗaya, da jawabi da hoto da lemo, ba raino ba ne. Raino zama ne na shekaru.

Rabonmu a ciki

Mu marubuta muna da namu tarihin a wannan fage. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani malamin Midil ta Katsina ɗan shekara 22, Abubakar Imam, da Ruwan Bagaja. East bai tsaya a ba shi kyauta ba. Ya jawo shi Zariya suka zauna tare suna aiki, daga nan Magana Jari Ce ta fito, a 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gasa ce ta gano shi, amma zama tare ne ya gina shi.

To, mu da muka samu difloma ko digiri, mu ne gardawan wannan zamani. Ba mu tsufa har yaran su ji nauyinmu ba, kuma mun riga su taka hanyar. Tarihin da muka bi ya nuna sharuɗɗa uku da ba sa canzawa. Na farko, mutum sananne ya ɗauki yara ƙalilan da zai iya riƙe sunayensu, uku ko biyar. Na biyu, ya daɗe tare da su, daga aji huɗu har su gama. Na uku, a samu na sama da ke sa ido, wato iyaye da shugaban makaranta su sani, a riƙa haɗuwa a fili, a harabar makaranta ko ƙofar gida, domin amanar 'ya'yan mutane ba abin wasa ba ce.

Hanyar shiga a buɗe take. Yawancin sakandare suna da ƙungiyar Hausa ko ta muhawara ko ta wasan kwaikwayo, wasu sun mutu saboda rashin mai kula. Marubuci zai iya neman izinin shugaban makaranta ya raya ɗaya, ya kai littattafai, ya karanta abin da yaran suka rubuta ya gyara musu da jan biro. Daga gyaran labari ake kaiwa ga tambayar me ya hana ka zuwa makaranta makon jiya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda suka saba gyara rufi da sayen benci, za su iya ƙara wannan a aikinsu ba tare da kashe ko sisi ba. Masarautar Gaya kuma, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida.

Akwai kuma aikin alƙalami. Tsofaffin maƙera da alarammomi da malaman makarantun kwana na farko suna nan a garuruwanmu, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A je a zauna da su, a tambaye su wa ya raine su, su kuma wa suka raina, a rubuta. Labaranmu sun cika da attajirai da 'yan mata, amma malamin da ya hana yaro barin makaranta bai samu gurbinsa a adabinmu ba tukuna.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar ba ta faɗi wanda zai tanƙwara ba, domin a da kowa ya san amsar. Yau sai an tambaya. Duk wanda ke da ƙane ko ɗan maƙwabci a sakandare, ya fara da shi a wannan makon.

Ina jiran gyara da ƙarin bayani, musamman daga 'yan uwa na Gaya da Ajingi da tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan malamanmu.